Faifai na Uku a Rumbun Mayunga

Shekara goma sha huɗu Mayunga Bundala ya yi yana kula da kwamfutocin wata cibiyar binciken kifi da ke bakin tafki a Mwanza, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa shiga ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke ƙarshen baranda sai da izininsa. A ciki babbar kwamfutar ajiya take, wadda kowa a cibiyar ke kira Rumbu. Shi ya haɗa ta da hannunsa. Faifai biyar ya jera a cikinta, ya sa manhaja ta ɗaure su suka zama kamar faifai ɗaya. Duk abin da aka ajiye sai a gutsuttsura shi a raba musu, tare da wani lissafi na kariya, ta yadda idan ɗaya ya mutu sauran huɗun za su iya dawo da abin da ke cikinsa. Idan biyu suka mutu tare kuwa, sai dai haƙuri. A cikin Rumbu hotunan kifi suke, da awon zurfin ruwa, da sautin da na'urori ke ɗaukowa daga ƙarƙashin tafki, aikin mutum talatin na shekara da shekaru.

Ana nan sai masu tallafa wa cibiyar suka ce dole a naɗa shugaban sashen kwamfuta. Mayunga ya nemi kujerar, har ya sayi sabuwar riga don ranar ganawa. Aka ce masa ana son mai digiri na biyu. Wanda aka ɗauka kuwa ba baƙo ba ne a wurinsa. Limbu Masanja ne, wanda suka zauna benci ɗaya da shi shekara huɗu a sakandare a Shinyanga. Limbu ya sha leƙa takardarsa a jarrabawar lissafi, shi ya sa tun lokacin yake kiransa Mwalimu, wato malam. Shekarar da mahaifin Mayunga ya kwanta ciwo, Mayunga ya zauna jinyarsa, a shekarar Limbu ya samu gurbin karatu a Afirka ta Kudu. Yanzu ga shi ya dawo da furfura kaɗan a gemu, da mota fara, da irin dariyar nan tasa da ke sa mutum ya ji kamar sun daɗe da sanin juna.

Da Limbu mugu ne da abin ya zo wa Mayunga da sauƙi. Amma ranar farko ya rungume shi a gaban kowa, ya gaya wa ma'aikata cewa ba don wannan mutumin ba da yanzu yana kiwon shanun babansa. Kowa ya yi dariya, Mayunga ma ya yi, amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Shugabar cibiyar, Dakta Nyanjige, wadda a da takan leƙo ta ce masa injin buga takarda ya ƙi aiki, yanzu Limbu take kira ofishinta su sha shayi. Abin da Mayunga ya yi shekara uku yana rubutawa a takarda yana roƙo, Limbu ya faɗe shi sau ɗaya a taro aka amince. Mai shara ma Limbu take fara gaisarwa. Mayunga yana lura da duk wannan, ba ya barin ko ɗaya ya wuce shi.

Rumbu ya cika tun bara. Ma'ajiyar kwafi da ke ofishin shugaba ita ma ta cika shekara biyu da suka wuce, saboda haka duk aikin da aka yi a shekara biyun nan a cikin Rumbu kaɗai yake, babu shi a ko'ina. Limbu ya samo sababbin faifai biyu daga Dar es Salaam, ya ce za a ƙara su a kan biyar ɗin su zama bakwai. Aikin ba na zura faifai a rufe ba ne kawai. Sai manhaja ta bi duk abin da ke ciki, gutsure bayan gutsure, ta kwashe shi daga shimfiɗar biyar ta sake shimfiɗa shi a kan bakwai, kuma idan ta fara babu komawa baya cikin sauƙi. Kwana huɗu aikin zai ɗauka, tsofaffin faifan suna juyi ba hutu. Ga kuma baƙi na zuwa daga wurin masu tallafi da tarin bayanan da za a zuba ranar Litinin, don haka Limbu na sauri.

Ranar Laraba da safe suka shiga ɗakin sanyi su biyu. Limbu ya duba lafiyar faifan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nuna lafiya lau. Ya ɗora yatsa a kan madanni, sannan ya waiwayo.

"Mwalimu, kai ka san 'ya'yan nan naka. Akwai mai tari a cikinsu?"

Akwai. A watan Maris, lokacin ruwan sama mai yawa, faifai na uku ya taɓa ficewa daga jerin haka kawai. Mayunga ya zare shi ya mayar, ya sake haɗa shi da 'yan'uwansa, ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Saƙon gargaɗin shi kaɗai ya je wa, bai kuma gaya wa kowa ba. Tun lokacin yakan ji faifan yana wani ɗan ƙas-ƙas idan aiki ya yi yawa. Ya kuma san abin da shi zai yi da aikin a hannunsa yake: sai ya fara canza na ukun, ko ya ƙara faifai ɗaya kawai ya ajiye ɗayan a gefe don ɓacin rana. Maganar tana bakinsa. Sai ya dubi agogon da ke hannun Limbu, ya tuna cewa gobe Limbu ne zai raka baƙi tsibirin Ukerewe a jirgin cibiyar, shi kuma a bar shi da gadi.

"Ba su kawo mini ƙara ba, Bwana Shugaba," in ji shi, wato yallabai shugaba.

Limbu ya yi dariya, ya ce ya daina kiransa haka, ya danna. Lamba ta fito a allo, sifili da ɗigo ɗaya cikin ɗari, ta fara rarrafe.

Mayunga bai ce wa kansa yana so faifan ya mutu ba. Abin da ya gaya wa kansa shi ne, mai digiri biyu ai ba ya buƙatar a koya masa karanta tarihin na'ura, yana nan a rubuce, duk mai ido zai gani. Da wannan ya wuni Laraba, da shi ya wuni Alhamis, yana tsaye a baranda lokacin da jirgin ya tashi da Dakta Nyanjige da baƙi uku da Limbu a gaba sanye da hular rana, yana nuna musu duwatsu kamar shi ya dasa su.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya yana cin soyayyen rogo a teburinsa sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga Rumbu. Ya ajiye rogon ya nufi ƙarshen baranda. Fitilar faifai na uku ta koma ja, a allo kuma an sa masa alamar ya faɗi. Lambar na kan hamsin da takwas cikin ɗari, tana ci gaba da tafiya. Manhajar ba ta tsaya ba. Duk gutsuren da ya kamata ta karanto daga na uku sai ta lissafo shi daga sauran, ta ci gaba da shimfiɗawa. Amma kariyar ta ƙare. Daga yanzu har a gama, ko wanne faifai ya yi tuntuɓe, komai ya tafi, na da da na yanzu, domin rabin kayan na kan sabuwar shimfiɗa, rabi na kan tsohuwa.

Abin da ya fara ji daɗi ne. Bai daɗe ba, amma ya ji shi sarai, har cikin kafaɗunsa. Ya hango fuskar Dakta Nyanjige tana tambayar Limbu yadda aka yi, ya hango Limbu yana inda-inda. Sannan ya dubi sauran tsofaffin huɗun, waɗanda rana ɗaya ya saye su da na ukun a shago ɗaya, sai ya gane ko wannensu na iya bin bayansa. Ya zauna a kan kujerar roba. Ya kai minti ashirin a zaune kafin ya kira Limbu.

Dakta Nyanjige ce ta fara karɓar wayar daga hannun Limbu, iska na kaɗawa a bayanta. Ta ce a kashe na'urar yanzu-yanzu kafin ɓarnar ta yaɗu. Mayunga ya buɗe baki zai yi mata bayanin cewa kashewa a tsakiyar wannan aiki shi ne mafi haɗari, tsohon faifai da ya yi zafi idan ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba, sai ya ji muryar Limbu a gefe yana gaya mata haka ɗin, kusan kalma da kalma. Ta ce to, tunda Limbu ya ce a bari, a bari.

Limbu ya karɓi wayar. Ya ce kada a kashe, kada a zare mataccen faifan, kada kowa ya ajiye sabon abu a ciki, a rage wa aikin gudu don kada sauran su galabaita, a kuma tabbatar akwai mai a janareta. Mayunga ya riga ya yi uku daga cikin waɗannan kafin ya kira, amma ya ce to. Da ya ce zai fara kwafe aikin shekara biyun nan zuwa wani wuri, Limbu ya ce a'a, karatu a kan karatu zai ƙara wa faifan nauyi. Mayunga ya ce idan wani ya faɗi gobe, abin da aka kwafa yau shi kaɗai za a tsira da shi. Suka ja maganar kaɗan. Daga ƙarshe Limbu ya ce, "Kai ne a wurin, Mwalimu. Yi abin da ka gani, amma a hankali."

Wannan ma ya ɓata masa rai. Ya so a ce Limbu ya hana, shi kuma ya yi, daga baya a ga wanda ke da gaskiya.

Ya bi ofis-ofis yana karɓar ƙananan faifan tafi-da-gidanka da masu bincike ke ajiyewa a aljihun tebur. Ya samu bakwai, wasu rabinsu cike da hotunan biki. Wata mai bincike, Misoji, wadda bara ta yi wata uku a arewacin tafkin tana ɗaukar sautin garken kifi don kammala digirinta na uku, ta biyo shi har ƙofar ɗakin sanyi ta roƙe shi ya fara da nata. Ya ce mata sai ya gama da na cibiya gaba ɗaya tukuna, nata manya ne, za su cinye wuri. Ta tsaya tana murza gefen gyalenta, ta tambaye shi ko Bwana Limbu ya san halin da ake ciki. Ya ce ya sani. Ta ce to, alhamdu lillahi, ta tafi.

Washegari Asabar da safe matarsa Kabula ta ajiye masa shayi da mandazi biyu, irin fanken nan nasu, ta zauna tana ninke atamfofin da za ta fita da su kasuwa. Ya ba ta labarin faifan, ya yi ta nanata cewa an yi gaggawa, an ƙara biyu a lokaci ɗaya ba a bar na ɓacin rana ba, aikin 'yan takarda ke nan. Ta bar shi ya gama.

"Baban Shija, kai da ka san na ɓacin rana, me ka ce da ana yi?"

Ya ce ba a tambaye shi ba.

"Limbu bai tambaye ka ba? Mutumin da ko takalmi zai saya sai ya ce bari ya ji ta bakin Mwalimu?"

Ya kurɓi shayi. Ta ce wata bakwai ke nan tana kwana da mutum tana tashi da Limbu, da safe Limbu, da yamma Limbu, har ta fi matar Limbu sanin irin rigunan da yake sawa. Ta ce ita ba ta san faifai ba, amma ta san fuskarsa, kuma wannan ba fuskar wanda abu ya zo wa ba zato ba ce. Ta ɗaure kayanta ta ce ya rufe ƙofa idan zai fita.

Limbu ya iso da jirgin fasinja na rana, ya bar baƙin da shugaba a tsibirin. Ko gida bai biya ba. Ya shigo ɗakin sanyi da ƙunshin jarida mai maiƙo, ya ajiye a gaban Mayunga, soyayyen kifi ne manya biyu. Ya ce ɗaya nasa, ɗaya na shemeji, wato matar ɗan'uwa, Kabula, kada ya cinye duka ya ce ba a aiko ba. Lambar na kan saba'in da tara. Ya duba zafin kowane faifai, ya duba abin da aka kwafa, ya ce aiki ya yi kyau. Ya riga ya kira Dar es Salaam tun jiya, za a sa sabon faifai a motar safa, zai iso Litinin.

Daga nan ya ja kujera ya fara karanta tarihin na'urar, yana komawa baya, wai yana so ya ga ko sauran ma sun taɓa yin wani motsi. Mayunga na zaune a bayansa yana kallon ƙeyarsa. Ya ga Yuni ta wuce, Mayu ta wuce, Afrilu ta wuce. A sha ɗaya ga Maris yatsan Limbu ya tsaya. Ya daɗe yana kallon layukan nan huɗu, waɗanda suka nuna faifai na uku ya fita da ƙarfe biyu da minti goma na rana, an mayar da shi da ƙarfe uku saura kwata, da sunan wanda ya mayar.

Bai waiwayo ba ya ce, "Na tambaye ka ranar Laraba."

"Ka tambaya."

"Mantawa ka yi?"

Ƙofa ce Limbu ya buɗe masa, Mayunga ya gane. Da ya ce e, da an wuce wurin. Amma ya ji ba zai iya karɓar wannan ma daga hannunsa ba.

"Ban manta ba."

Limbu ya juyo da kujerar. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, ta dai yi wani irin tsufa. Ya tambaye shi me ya yi masa. Mayunga ya ce bai yi masa komai ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce shekara goma sha huɗu yana share ƙurar wannan ɗaki, ranar da ruwa ya shigo shi ya ɗauki Rumbu a ka ya hau da shi bene, amma yau idan ya ce ruwa na jiƙa mutum sai an jira Limbu ya tabbatar. Ya ce a Shinyanga amsa Limbu yake leƙa, yanzu kuma kujera ya leƙo ya zauna.

Limbu ya ce shi bai san Mayunga ya nemi kujerar ba sai bayan ya fara aiki da wata biyu. Ya ce a Johannesburg ba murabus ya yi ba kamar yadda yake gaya wa mutane, rage ma'aikata aka yi aka haɗa da shi, ya yi wata tara a zaune yana wanke wa matarsa kwanoni. Ya ce rabin abin da yake faɗa a taro daga bakin Mayunga yake ji da safe. Ya ɗauka wannan zai sanyaya masa rai. Mayunga kuwa abin da ya ji shi ne, ashe ya sani, ya kuma ci gaba da yi.

"Amma ba ni ka yi wa ba," in ji Limbu. "Ni ko an kore ni zan samu wani wuri. Yarinyar nan Misoji fa?"

Suka zauna suna kallon lamba har la'asar. Kifin ya huce a cikin jaridarsa.

Ranar Lahadi da azahar lambar ta kai ɗari. Faifai shida suka riƙe kayan bakwai, babu wanda ya sake faɗi. Mayunga ya fita bayan ginin ya tsaya kusa da janareta. Litinin ya je tashar mota da kansa ya karɓo sabon faifan a cikin kwali an naɗe shi da tsohon bargo. Suka zare mataccen, suka zura sabon, manhaja ta fara gina masa rabonsa daga sauran shidan. Wannan ma sai da aka karanta kowane lungu na kowane faifai. A nan ne, ranar Talata da hantsi, faifai na ɗaya ya kai wani ɗan wuri ya kasa karantawa. Bai mutu ba. Manhajar ta gwada, ta sake gwadawa, ta sa wa wurin alama ta wuce. Da na uku na raye da an cike gurbin ba tare da kowa ya sani ba. Da suka bi sawu suka ga inda ramin ya faɗa, sai ya zama a cikin sautin Misoji ne, na kwana uku daga cikin wata ukun da ta yi, kuma kwanakin da garken ya taru ne. Mayunga bai kai ga kwafe nata ba.

A taron ranar Laraba Dakta Nyanjige ta nemi bayani. Limbu ya miƙe ya ce laifinsa ne. Ya ce ya yi gaggawa, ya ƙara faifai biyu bai bar na ajiya ba, bai karanta tarihin na'urar kafin ya fara ba, kuma da ba don Bwana Mayunga ya tsaya a kan aikin kwana biyar ba da asarar ta fi haka. Bai ambaci watan Maris ba. Dakta Nyanjige ta cire tabarau ta ce ta yi aiki da mutane da yawa, amma ba kasafai ake samun shugaban da zai tsaya a gaban na ƙasa da shi ya ce ni na yi kuskure ba. Wasu suka gyaɗa kai. Wani ma har ya fara tafi ya fasa.

Mayunga ya dubi yadda ake kallon Limbu. Ya ga mutumin ya faɗi, amma ya tashi ya fi da tsawo. Ya ga kansa kuma zai ci gaba da zama a wannan cibiya a ƙarƙashin rufin asirin da Limbu ya yi masa, kullum su haɗu a baranda Limbu ya yi masa murmushi. Abu ɗaya tak da yake nasa a cikin wannan magana shi ne laifin, shi ma an ɗauke an kai wa Limbu, har ya zame masa ado. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Mama, ba haka aka yi ba. Faifan ya taɓa faɗuwa a watan Maris, ni na mayar da shi. Ya tambaye ni kafin ya fara, na ce lafiya lau. Ina sane na ɓoye."

Dakta Nyanjige ta tambaye shi dalili. Ya ce ba shi da dalilin da zai faɗa a taro. Ta dubi Limbu, Limbu ya sunkuyar da kai. Ta ce kowa ya tashi, su biyun su tsaya.

Ba a kore shi ba. An ba shi takardar gargaɗi aka sa a fayil ɗinsa, aka yanka wa Limbu makullin ɗakin sanyi, aka kuma saita Rumbu ya riƙa aika saƙon gargaɗi ga mutum uku maimakon ɗaya. Kabula da ta ji ta ce gara haka, ta zuba masa ugali, wato tuwon masara, da miyar ƙananan kifi, ya ci ya ƙara. Mutanen cibiyar wasu suka ce ya yi jarumta da ya faɗa, wasu suka daina ba shi kwamfutarsu ya gyara. Shi dai ya san ba jarumta ce ta tashe shi tsaye ba, bai kuma yi wa kowa gardama ba.

Abin da ya rage shi ne Misoji. Ba ta halarci taron ba, tana can bakin ruwa wurin masunta. Dakta Nyanjige ta ce shi zai gaya mata da bakinsa. Ya same ta ranar Alhamis a ofishinta tana jera kwalaben samfur. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya yi mata bayanin cewa ya gwada duk hanyar da ya sani, sautin kwana ukun an samu farkonsa da ƙarshensa amma tsakiyar ta tafi, ba za ta dawo ba. Ta saurare shi har ya gama, hannunta na kan murfin wata kwalba. Ta ce ta roƙe shi ranar Juma'a. Ya ce ya tuna. Ta ce garken ba ya sake taruwa sai Nuwamba, wato an ƙara mata shekara guda ke nan. Ya ce ya sani, ya ba ta haƙuri.

Ba ta ce ta haƙura ba. Ta rufe kwalbar, ta goge hannu, ta ce bari ta je ta tambayi Bwana Limbu ko akwai abin da za a iya yi.

Ya biyo bayanta a hankali ya tsaya a baranda. Ƙofar ofishin Limbu a buɗe take. Ya ji shi yana ba ta kujera, ya ji yana yi mata bayanin farko da ƙarshe da tsakiyar da ta tafi, daidai yadda shi ya faɗa mata minti biyar da suka wuce. Ya ji ta ja numfashi ta ce to, ta gane, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta gode. Mayunga ya tsaya har ta fito ta wuce shi ba ta dube shi ba. Sannan wani daga ofishin ƙididdiga ya leƙo ya ce masa intanet ta yanke a ɓangarensu, ya je ya ɗauko jakar kayan aikinsa.